Saniya Mai Taga

Ranar Litinin da safe mai ba shanu abinci ya shiga rumfar gwaji da buhun dusa a kafaɗa, ya tarar da turke babu saniya. Ya ajiye buhun, ya leƙa bayan rumfa, ya dawo ya leƙa cikin komin dusa kamar ƙatuwar saniya za ta shige ciki ta ɓuya, sannan ya ɗora hannu a ka ya kurma ihu.

Ni ne direban cibiyar, shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma duk abin da ya faru a makon nan a gabana aka yi shi, har da rashin kyautawar da ni kaina na yi. Cibiyarmu ta binciken kiwo ce, a tsakiyar daji. Muna da filaye da aka rarraba da waya ana gwada yadda shanu ke cin ciyawa da yadda ciyawar ke farfaɗowa, da ɗakin gwaji, da rijiyar burtsatse guda ɗaya tak. Can gabas kuma akwai wanda muke kira Filin Hutu, shekara ashirin kofaton saniya bai taka shi ba, don a ga abin da ƙasa za ta yi in aka ƙyale ta.

Saniyar da ta ɓata ba irin sauran ba ce, Mai Taga muke ce mata. Likitoci ne suka yi mata taga a gefen hagu tun tana karsana, suka sa marfin roba. Kowace safiya Malamar ɗakin gwaji takan buɗe marfin, ta zira hannu har kafaɗa, ta ɗebo abin da saniyar ta ci, ta je ta auna yadda yake narkewa. Baƙo in ya gani sai ya kau da kai yana tofar da yawu. Ita kuwa saniyar ko a jikinta, tana tsaye tana tuƙa abinta.

Yamma da shingenmu akwai makiyaya gida tara. Yarjejeniyarmu da su mai sauƙi ce: su bari a rataya wa shanunsu ashirin abin wuya mai na'ura, wanda ke nuna a kwamfuta inda saniya take, mu kuma mu buɗe musu ƙofar burtsatse kowace la'asar har damina ta sauka. In ba wannan ruwan ba, sai sun yi tafiyar kwana uku, kuma lokacin tsakiyar bazara ne, zafin da ko kan mota ba ya taɓuwa.

Mai Taga ma tana da nata abin wuyan. Shi ya sa kafin mai dusa ya rufe baki, Injiniya, wato mai kula da na'urorin, ya fito daga ofis a guje yana nuna fuskar kwamfuta.

"Ga ta nan! Ga lambarta! Tana rugar makiyaya tun jiya!"

Babu wanda ya yi mamaki, kuma abin kunyar ke nan. Nan take kowa ya tuno da wani abu: wannan ya taɓa ganin makiyayi yana leƙen rumfa, wancan dama tuntuni jikinsa ya ba shi.

*

Na kwashi Darakta da Injiniya da mai gadi muka nufi rugar. Darakta mutumin kirki ne muddin ba ka taɓa masa bincike ba, ga shi kuma ranar Alhamis manyan baƙi za su zo takanas saboda wannan saniyar. Muka kutsa cikin garke, muka leƙa bukkoki a gaban mata da yara, ba mu ga Mai Taga ba. Injiniya ya ce lallai sun ɓoye ta ne suka rataya wa tasu abin wuyan.

Dattijon rugar, dogon tsoho mai sanda, ya tsaya yana kallonmu. Sau ɗaya ya yi magana.

"Ranka ya daɗe, me zan yi da saniya mai ƙofa a ciki?"

Ni kuma da bakina, ni da ba a tambaye ni ba, na ce, "Baba, a fito da ita kawai kowa ya huta."

Ya dai dube ni. Da muka koma Darakta ya sa kwaɗo a ƙofar burtsatse ya jefa makulli a aljihu, ya ce ba ɗigon da za a sha sai saniyarsa ta dawo. Da yamma ya tura ni gari wajen mahauta. Babbansu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ranar da ya rataye naman saniya mai taga, ranar zai rufe rumfa.

Talata da sassafe ina ƙarƙashin mota sai na ga ƙafafu biyu da sanda. Dattijon ne.

"Ɗana, kuna da mai bin sawu a cibiyar nan. Ka je ka ɗauko shi."

"Baba, ai sai Darakta ya ce."

"Shanuna ɗari uku rabonsu da ruwa tun Lahadi. Ka je ka ɗauko shi."

A lokacin na ji kukan shanun daga bayan shinge, kukan da tun jiya nake yi kamar ban ji ba. Na shiga wajen Darakta, ya ce in je in ina so, amma shi ya fi yarda da na'ura.

*

Mai Sawu tsohon maharbi ne da ya ajiye bindiga, cibiya ta ɗauke shi yana ƙirga barewa da zomo da tsuntsayen ƙasa ta hanyar sawunsu. Ɗan gajeren tsoho ne, kullum kansa a sunkuye. Shekara goma sha ɗaya muna tare amma na tabbata ya fi sanin ƙafata a kan fuskata. Yana can ƙarshen dajin yana ƙirge, sai da na wuni ina nemansa. Ba mu iso ba sai da rana ta faɗi, don haka aiki ya koma Laraba.

Da gari ya waye ya tsaya a bakin rumfar gwaji ya daɗe yana duban ƙasa.

"Mutum nawa suka shigo nan?"

"Kowa da kowa, Baba."

"Na gani. Har da kai. Ga takunka nan, kamar na mai cikin wata tara."

Ya bar rumfar ya nufi wajen mai gadi, wanda tun Litinin ba ya haɗa ido da kowa. Har an fara raɗe-raɗin da shi aka haɗa baki.

"Ranar Lahadi da azahar ina ka je?"

"Ina nan bakin ƙofa, Baba, wallahi..."

"Kar ka rantse. Kekenka ya fita ya dawo, kuma da ka dawo ka tofar da jini sau biyu a gindin shingen can."

Mai gadi ya fashe da kuka kamar yaro. Haƙori ne ya hana shi sakat, ya saci jiki ya je aka cire masa, awa uku ba kowa a ƙofa. Tsoron kora ya sa ya yi shiru. Mai Sawu ya ce ya buɗe baki, ya leƙa, ya ce Allah ya sawwaƙe, muka wuce.

A ofis Injiniya ya juyo mana da kwamfuta yana murmushin wanda ake ɓata wa lokaci. Ya nuna wani ɗigo ja.

"Ka gani, Baba? Wannan ba ya ƙarya."

"To, madalla. Ni ban iya karatunsa ba, ɗana. Nuna mini inda ɗigon yake ranar Asabar."

"Ai Asabar ba a sace ta ba tukuna."

"Nuna mini dai."

Injiniya ya danna. Ɗigon yana rugar makiyaya. Ya danna Juma'a, yana can. Alhamis, Laraba, har kwana tara baya, ɗigon na fita kiwo da safe yana komawa ruga da yamma, alhali Mai Taga na ɗaure a turkenta kowa na ganinta. Murmushin ya gudu. Kwana tara baya ne ya cire duk abubuwan wuyan ya sake musu batir a tebur ɗaya, wajen mayarwa biyu suka yi musanya.

"Da kuka je ruga kun ƙirga masu abin wuya?" in ji Mai Sawu.

Babu wanda ya ƙirga. Mun je da fushi ne, ba mu je da lissafi ba.

Injiniya ya nemo ɗaya lambar. Ta nuna cikin rumfar gwaji. Muka tona ciyawar da ke komi, sai ga abin wuyan a ƙasa, an cire shi an sake ɗaure maɗaurinsa tsaf. Na ɗauka magana ta ƙare, amma Darakta ya ce makiyayan ma sun iya kwance shi tunda shanunsu na yawo da irinsa. Kwaɗo ya zauna inda yake. A ganina kunyar janye maganarsa ce ta fi damunsa.

*

Malama muka tarar a ɗakin gwaji tana wanke kwalabe, idanunta sun kumbura. Mace ce mai shiru-shiru, ita da mahaifiyarta suke zaune a gidajen ma'aikata, kuma duk wanda ya gan ta a makon nan sai ya tausaya mata, don kowa ya san yadda take da saniyar.

"Sannu, 'yata."

"Sannu, Baba."

"Shekara nawa kina aiki da ita?"

"Shida. Ni na shayar da ita da kwalba da uwarta ta mutu."

"Tagar nan, kwana nawa za ta yi ba a wanke ba?"

"Biyu. In ta kai uku ƙuda zai sa mata tsutsa."

"Yau kwana uku ke nan."

Ta ci gaba da wanke kwalbar da ta riga ta wanke. Ta tagar ɗakin ana jin kukan shanun makiyaya, sai na ga ta miƙa hannu ta rufe tagar.

Da muka fito na ce, "Baiwar Allah, abin ya dame ta."

"Ya dame ta," in ji Mai Sawu. "Je ka sa takalmin kirki, yau za ka yi tafiya."

*

Bai nemi sawun a rumfa ba, inda muka tattake. Ya yi da'ira mai faɗi a bayan gine-gine, yana tafiya a hankali da hannu a baya, har ya tsaya kusa da ƙaramar ƙofar baya. Ni dai kofatai na gani birjik, don nan ne hanyar shanun cibiya.

"Ga ta," ya ce. "Saniyar da ke wuni a turke kofatonta ba ya cinyewa. Dubi tsawonsa. Na baya na dama har ya lanƙwashe."

Daga nan sawun bai yi yamma wajen ruga ba, gabas ya yi. Muka bi. Rana ta take, gumi na bin bayana, tsohon kuwa ko haki ba ya yi. Kusa da sawun saniyar akwai na mutum, takalmin roba irin wanda ake raba wa kowane ma'aikaci, har makiyayan ma an ba wasu.

"Takalmin ba zai gaya mana komai ba," na ce.

"Takalmin ba zai faɗa ba, amma dubi inda mai shi yake tafiya. Ɓarawo yana gaba yana ja, ko yana baya yana kora. Makiyayi ma haka. Wannan a gefe yake, kafaɗa da kafaɗa, kuma kullum ta hagu. Babu inda saniyar ta turje. Duk inuwar da suka samu sun tsaya sun huta."

Muka yi ta tafiya har na hango allon nan da aka rubuta gargaɗi da jan fenti.

"Baba, nan fa Filin Hutu ne. Saniya ba ta shiga nan."

"Wa ya gaya mata?"

Ƙofar filin ba ta da kwaɗo, waya ce kawai ake naɗewa, don tsoron Darakta ya ishe ta tsaro. Kwana uku muna neman saniya, mun je ruga, mun je mahauta, amma ko a mafarki babu ɗayanmu da ya yi tunanin nan. Mun saba cewa saniya ba ta shiga har mun ɗauka ba za ta iya ba.

Ciki ciyawa ce busasshiya har ƙirji. Wasu barewa biyu suka zabura suka ɓace. Mai Sawu ya bi inda ciyawar ta kwanta, sai na lura tafiyar tamu ba ta miƙe ba. Mu yi taku goma mu karkata dama, mu yi bakwai mu karkata hagu, alhali babu itace babu rami.

"Ko mutumin a buge yake?" na tambaya.

A wata kwana ya durƙusa ya buɗa ciyawa da hannu. Wani ɗan turken ƙarfe ne a kafe, bai fi tsawon tafin hannu ba, da lamba a jikinsa. Ya rarrafa gaba ya sami na biyu, da na uku, da na huɗu, sun yi murabba'i. A kwana ta gaba ma haka.

"Mene ne waɗannan?"

"Wuraren awo ne," na ce. "Duk wata ake yanke ciyawar da ke tsakaninsu a auna nauyinta."

"Kana ganinsu daga tsaye?"

"Ko kaɗan."

"Ni ma ban gan su ba, kuma aikina ke nan. Amma wanda ya shigo da saniyar nan ya kewaye su ɗaya bayan ɗaya, bai bari ta taka ko guda ba. A ka yake ɗauke da su."

Ya nuna mini kuma cewa takalmin ya shiga ya fita sau uku bayan ranar farko. In zai shiga sawun ya nutse, in zai fita ya yi sauƙi, alamar mai ɗauke da kaya.

A kusurwar filin, ƙarƙashin wani itace, muka same ta tana tsaye tana kaɗa jela. An sa mata takunkumi don kada ta ci ciyawar wurin. Ga bokitin ruwa, ga ragowar harawa a kan buhun da aka shimfiɗa. Kashinta ma an kwashe an zuba a wani buhu an ɗaure, kada ya zama taki ya ɓata awon ƙasa. Tagar kuwa fes, an shafe gefenta da maganin nan mai launin shuni.

Na zauna a ƙasa. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban san da wa nake fushi ba.

"Tashi," in ji Mai Sawu. "Je ka tara su a bakin burtsatse, har da dattijon ruga. Kar ka ce komai. In bakinka ya yi ƙaiƙayi ka cije shi."

*

La'asar ta yi lokacin da kowa ya hallara: Darakta da makulli a aljihu, Injiniya, mai gadi da kumburarren kumatu, mai dusa, Malama can baya, da Dattijo jingine da sandarsa. A bayan waya shanu ɗari uku sun jeru. Sun daina kuka, sun sunkuyar da kai kawai suna kallon komin siminti cike da ruwa, taku ashirin tsakaninsu da shi.

Sai ga Mai Sawu daga gabas, Mai Taga na biye da shi.

"A ina ka same ta? Wa ya ɗauke ta?" Darakta ya tare shi.

"Ranka ya daɗe, cewa ka yi sai saniya ta dawo. Ga ta. A buɗe tukuna."

Darakta ya ba ni makulli. Da ƙyar na kauce, don shanun sun kwararo kamar za su tafi da ƙofar. Makiyaya suka shiga tsakani suna rarraba su kashi-kashi kada su tattake maraƙa. Muka yi tsit muna jin ƙarar shan ruwa.

"Shanu sun sha," in ji Dattijo. "Saura sunana."

Mai Sawu ya gyara tsayuwa, kansa a ƙasa kamar kullum.

"Mai gadi haƙorinsa ne ya ci amanarsa, ba shi da hannu. Injiniya ya yi kuskure, ba sata ba. Mutanen ruga kuwa ƙafar ko ɗaya daga cikinsu ba ta kusanci rumfar nan ba. A Filin Hutu na same ta."

Darakta ya dafe ƙirji. "Filin Hutu? Shekara ashirin! Ta ci ciyawar?"

"Ko tsinke. An sa mata takunkumi, an kai mata abinci da ruwa, an kwashe kashinta. Kuma daga ƙofa zuwa inda aka ɗaure ta akwai wuraren awonka goma sha ɗaya a ɓoye cikin ciyawa, an kewaye su duka. Ranka ya daɗe, kai da ka kafa turakun nan, za ka iya kewaye su yau ba taswira?"

Darakta ya girgiza kai. "Ba zan iya ba."

"To wanda ya yi wannan aiki ya iya. Yana son saniyar, yana kuma son aikinka, ya rasa wanda zai bari a ciki. Ni dai abin da ƙasa ta nuna mini ke nan. Suna ba aikina ba ne."

Ya saki igiyar. Mai Taga ta ratsa mu a hankali, ta wuce mai dusa da yake ciyar da ita, ta je gaban Malama ta juya mata gefen hagu ta tsaya cak, yadda take yi kowace safiya.

Malama ta ɗora hannu a kan marfin. Ta dubi Darakta.

"Ni ce, ranka ya daɗe. Ni na buga takardar da ka ba ni makon jiya. Gwaji ya ƙare, gobe Alhamis baƙi za su zo a yanka ta a auna kayan cikinta. Na san haka aikin yake, ni ma na sa hannu tun farko. Amma shekara shida hannuna na cikinta, ba ta taɓa harbina ba. Na ce in Alhamis ta wuce baƙi suka tafi, sai in dawo da ita in faɗi gaskiya. Ban taɓa zaton za a rufe ruwa ba."

"Da aka rufe fa?" Darakta ya tambaya a hankali.

"Sau biyu ina zuwa ƙofar ofishinka ina komawa. Na yi ta gaya wa kaina kwana ɗaya ya rage, za su iya jurewa." Ta juya wajen Dattijo ta durƙusa. "Baba, ina ji aka kira ka ɓarawo na yi shiru. Ka yafe mini."

Darakta ya dubi saniyar. Can ya ce, kamar da kansa yake, "Kwana uku tana cin abin da ba a auna ba. Ko an yanka ta gobe babu abin da za a karanta a cikinta." Ya dubi Malama. "Kin samu abin da kike so. Maganar aikinki kuma sai gobe a ofis."

Sannan ya cire hularsa ya nufi Dattijo. Tsohon ya ɗaga hannu ya tsayar da shi.

"Ba a nan ba, ranka ya daɗe. A gaban iyalina ka faɗi waccan, a gabansu za ka faɗi wannan. Ka zo gobe." Ya dube ni. "Da direbanka."

Na ce to, Baba. Na so ƙasa ta tsage in shige.

*

Na ɗauka an gama. Mutane suka fara watsewa, sai na ga Dattijo ya ɗauki bokiti ya cika a komi, ya fita ta ƙofar ya bi gefen shinge. Can nesa kaɗan, inda garken ya tsaya kwana uku, akwai wani abu fari a ƙasa. Saniya ce guda ɗaya da ba ta tashi ba lokacin da sauran suka ruga.

Malama ta gani. Ta fizgi bokiti biyu ta cika ta bi shi da gudu, ruwa na zuba a ƙafafunta. Ni da Mai Sawu muka bi bayansu.

Tsohuwar saniya ce, haƙarƙarinta duk a waje. Dattijo ya zauna a ƙasa ya ɗora kanta a cinyarsa, yana ɗiban ruwa da tafin hannu yana zuba mata a baki, ruwan na gangarowa ta gefe. Malama ta jiƙa mayafinta tana shafa mata wuya, tana buɗe mata ido, tana cewa a ɗaga ta, a kawo gishiri da sukari, a kira likita a waya. Duk abin da ta sani ta yi. Mai Sawu ya taɓa kunnen saniyar, ya dube ni ya girgiza kai.

"Bari, 'yata," in ji Dattijo. "Ta riga ta tafi."

Malama ta zauna daɓas, jiƙaƙƙen mayafin a hannunta. Tsohon bai ɗaga murya ba, bai ma dube ta ba, yana ta shafa goshin saniyar.

"Na yafe miki maganar sunana, gobe za a wanke shi. Kuma na gane abin da ya sa kika yi, wallahi na gane, don ba kowa ne zai iya ba da wadda ya raina a yanka ba." Ya gyara kan saniyar a cinyarsa. "Ita ma wannan uwarta ta mutu tana kwana huɗu a duniya. Ni na shayar da ita da hannuna."